Adakar Ƙarƙashin Gado

Shekara talatin adakata na ƙarƙashin gado,
kyankyaso ya san da ita, ni na manta.
Ran Laraba Rumasa'u ta sauka daga Birnin Kebbi,
ko ruwan Argungu ba ta kurɓa ba,
ta durƙusa ta jawo ta.

"Inna, ina saƙin nan mai ratsin baba,
wanda kika ɗaura a hoton bango?"
Na ce, wanda uwarki ta kira tsumman ƙauye?
Wanda ta ce in rufe kwandon kaji da shi?
Ta ce, "Shi ake yayi bana."

Ikon Allah.
Zanen da Noma masaƙi ya yi mini
shekarar da ruwa ya cinye fadama,
a kan tiya shida ta shinkafa da alkawarin ciko,
ya fito yana warin kafur,
ta rungume shi kamar ɗan da ya dawo ci-rani.

Ta kwashe murjani, ta kwashe awarwaro,
da 'yan kunnen azurfa masu kama da jinjirin wata,
har takalmin nan mai dunduniyar katako
da ya kayar da ni a bikin Hajo
gaban makaɗa, gaban kakanta.
Tandun kwalli kaɗai ta ture gefe,
wai tana da fensir a jaka.

Sai na zauna ina kallon kwalliyar 'yan yanzu.
Lalle a takarda yake.
Ta ɓare, ta manna, ta shafa ruwa,
kafin in gama ɓantarar goro fure ya fito a hannunta.
Ɗankwali ya zo da ɗaurinsa tun daga shago,
kifa shi ake yi kamar faifai a kan ƙwarya.

Na ce, mu lallenmu kwana yake.
A kwaɓa da la'asar, a ƙunsa bayan lisha,
hannu a zunguru, ƙafa a ganye,
sauron gulbi na cizo, babu hannun duka.
Kitso kuwa wuni guda ne,
kaina a cinyar Ige, tana ja ina tsaki,
kafin ta kai ƙeya na san wa ya ci bashi,
wa ya sai da sa, wa ya koma gidan mijinta.
Ke wa zai ba ki labari a minti goma?

Ba ta ɗago daga madubi ba.
"Inna, ƙarfe bakwai nake karɓar aiki.
Mai naƙuda ba ta jiran lalle ya kama."

Na nemi amsa a bakina, goro kawai na tarar.

Ita kuwa ta ga abin da nake ɓoyewa:
yatsun nan da sanyin ƙashi ya lanƙwashe,
damina uku ban ɗaura kallabi ya zauna ba,
sai dai in yafa mayafi in ce zafi nake ji.
Ta ciro wani, ruwan ƙasa-ƙasa,
ta kifa mini, ta gyara ta wajen kunne,
ta juyo da madubin.

Na ga wata mata da na sani da daɗewa.

Lokacin da ta rage bai tafi ko'ina ba.
Nan ta zauna da shi a bakin gado,
ta ce in faɗa mata yadda takalmin ya yi da ni,
da abin da kakanta ya ce da ya ɗaga ni.
Rabi na faɗa mata. Sauran nawa ne.

Ta tafi da zanen, ta bar mini ɗaurin.
Ran Juma'a na sa shi zuwa suna a gidan Augi.
Ige, da idonta ɗaya da ya rage,
ta shafa, ta leƙa, ta ce, "Tumba, wa ya ɗaura miki?"
Na ce, wa kuwa? Hannuna.