Bashin Gonda

Shekara uku ina bin hanyar jami'a,
Kabu-kabu in da canji, ƙafa in babu,
Ni Habsu, ɗiyar Lawali mai aya.

Da safe lissafin riba da faɗuwa,
Da rana tsara bayanai cikin na'ura.
Malam Tsahiru ya ce, "Hannuwa biyu ne,
Ɗayan ke wanke ɗaya."

Na koyi yanka allo gida-gida,
Suna nan, rana nan, farashi can,
Kowace lamba da ɗakinta na ajiya.

Na koyi yadda naira ke zamewa,
Sefa na tsaye, buhu na canza kuɗi
Tsakanin Ɗan Isa da Jibiya.

Rannan wuta ta ɗauke ana jarrabawa,
Aikin awa biyu ya bi rariya.

Shekarar ƙarshe aka ce kowa ya nemo shago,
Ya gina masa rumbun lissafi na gaske.
Na ce nawa na gida, ba sai na yi tafiya.

Baba ya zaro littafinsa daga ƙarƙashin buhu,
Bangon ya sha zufa, ya sha mai,
Rabi ajami, rabi zanen ƙirga,
Wani shafin gara ta ci gefe ta bar tsakiya.

Dare bakwai ina kwafa har idona ya yi ja:
Buhunan Gazawa, buhunan Cadawa,
Bashin matan Sumarana,
Har wadda ta karɓi rabin tiya.

Da na danna, na'ura ta tattara komai,
Ta ja jan layi ƙarƙashin suna guda:
Gonda na Jiratawa, jika ɗari da arba'in,
Shekara sha tara, ko dala bai biya.

Na ɗauki kwamfuta har bakin rumfa,
Ina tafe ina jin kaina,
Na ce, "Baba, ga ramin da ribarka ke faɗawa,
Duba da kanka, lamba ba ta ƙarya."

Ya daɗe yana kallon allon,
Ya tauna aya biyu, ya tofar da tuƙa,
Ya ce, "Injin naki ya iya, ɗiya.

Amma tambaye shi wa ya ara mini jaki
Shekarar da Gulbi ya cinye mini rumbu.
Wa ya zo da gero cikin dare don kar a gani,
Ya aje a zaure ya juya baya?

Ban rubuta don in karɓa ba.
Na rubuta don ya shigo kansa a ɗage,
Ya ce 'ana bina', kar ya ce 'an ba ni'.
Gonda mutum ne mai kunya."

Na koma ɗaki na buɗe takardun aji.
Akwai bashi mai rai, akwai mai shakka, akwai matacce,
Gidan da zan sa Gonda babu ko ɗaya.

In na share shi, jimla ta karkace,
In na bar shi, jan layi na hararata,
Na kwana ina juyi da tambaya.

Ranar gabatarwa malamai uku a tebur.
Na tsakiyar ya nuna allo da biro:
"Wannan gurbin fa da kika ƙara,
Ba ya cikin riba, ba ya cikin asara?"
Na ce, "Sunansa A-bari, Malam.
Mai shagon ya san abin da ya saya."

Suka rage mini maki biyu, ban yi gardama ba.
Malam Tsahiru ya sunkuyar da kai
Yana gyaran hula, yana ɓoye dariya.

Yanzu ni ke riƙe da lissafin rumfa,
Baba na kiran farashi, ina shigarwa ta waya.

Ran Juma'a Gonda ya zo kan tsohon kekensa,
Ya gaida Baba, ya leƙo inda nake,
Ya ce, "Habsu, nawa ne a kaina yanzu?"
Na duba allo na faɗa masa daidai.
Ya ce, "To, sai bayan kaka,"
Ya ɗebi aya cikin hannu, ya kama hanya.