Gayya a Kan Shafi Ɗaya

Bayan lisha, Tawa ta rage murya,
na shimfiɗa tabarma a dakali,
na buɗe shafin 'yan ajina.
Shafi ɗaya, su arba'in da bakwai,
salula goma sha ɗaya, rabi na aro.

Ga su nan suna shigowa,
kowa da ɗan sandansa mai ƙyaftawa,
kore, ja, ruwan goro,
kamar 'yan gayya sun jeru a bakin kunya.

Na ce su rubuta da Ingilishi
labarin wanda ya tafi bai dawo ba.
A garin nan ba a neman irinsa da fitila,
kowane gida da nasa a Abijan.

Nomau ya dasa jimla,
Faransanci na leƙe ta ƙarƙashin zanenta.
Kafin in kai hannu an riga ni,
an cire harafi, an gyara wa aikatau zama.
Sunan da ya fito: Garba Mai Faci.
Ba ni da ɗalibi mai faci.
Sai da aka kwana uku na gano
Habsu ce da wayar kawunta,
Habsu ta bencin ƙarshe,
wadda tun Oktoba ban san muryarta ba.

Rezo ya ɗauke. Na kori sauro, na jira.
Da ya dawo, yatsan Agali ya zame,
sakin layi guda ya bi iska,
gefen shafi ya cika da ihu marar sauti.
Na koma jiya, na zaro shi
kamar mai ƙugiya da gugan da ya faɗa rijiya.

Shekara goma sha tara ina zubar da jan biro
a kan kayen da ba mai sake buɗewa.
Yau an ja layi ƙarƙashin tawa kalmar:
"Mushe, harafi ɗaya ya gudu."
Na duba. Ya gudu ɗin.

Can ƙasa,
inda ya kamata uban labarin ya sauko daga mota,
wani ya rubuta da Hausa:
"Baba, rufin ɗaki na yoyo."
Sanduna uku sun zo sun tsaya a kanta,
suna ƙyaftawa, suna ƙyaftawa.
Ba wanda ya juya ta, ba wanda ya goge.

Batir saura kashi huɗu.
Ni ma na bar ta.