Gwangwanin Inna Tsahara

A Barmu, ƙarƙashin gadon kara,
Inna Tsahara na ajiye gwangwanin madara.
Madarar ta ƙare tun bara.
Ƙwayoyi ne ciki, ja da fara da mai ruwan ɗorawa.

Majo na Tawa ya ja layi uku a kwali:
safe, rana, dare.
Akuya ta cinye kwalin.

Yanzu da ido Inna ke aunawa.
Ja ta jini ce, ai jini ja ne.
Fara ta gwiwa.
Ƙaramar ta manta, amma akwai ɗaci,
mai ɗaci kuwa, in ji ta, ba ya ƙarya.

Ran kasuwa mai tire ya ƙara mata biyar
na dala ashirin, wai mai sa tsoho gudu.
Rabin na tansiyo ta ba Gado maƙwabci,
shi ma kansa na sarawa.

Jiya jiri ya kayar da ita bakin randa.
Na juye gwangwanin a faifai,
na kira Manu a Abijan.
Ya ce in karanto masa sunayen.

Babu suna, Manu,
launi kawai gare su.
Motar Tawa kuma sai Lahadi.