Kalma Ɗaya a Wusasa

Na sauka Wusasa da la'asar sakaliya,
jakata cike da takardun da na kwafo a Samaru,
kaina ya fi jakar nauyi.
Baba Barnaba na zaure yana jinyar tabarau,
ya ɗaure masa karyayyar ƙafa da zaren buhu.

Ban ko sha ruwa ba na kwance masa kaya.
Na ce, Baba, ranar da muke yanka zakara
mu ce yau aka haifi Mai Ceto,
an ce tun kafin mu mutanen Rum ke rawa a cikinta,
suna murnar rana ta daina gajarta.
An ce Masar na da gunkin da aka daddatsa ya farfaɗo,
wasu na da na hatsi,
ya mutu da kaka, ya dawo da yayyafin farko.
To wa ya ari rigar wa?

Bai ce uffan ba.
Ya hura gilashi, ya goge da haɓar riga.

Shirun ya ƙara mini gishiri.
Na ce, ga kuma kalmar da annabin dā ya faɗa
wa sarkin da yaƙi ya ritsa a birninsa.
A bakin Ibraniyawa, in ji malaminmu,
matashiya kurum take nufi,
masu juyi zuwa Helenanci suka ce budurwa.
Shekaru ɗaruruwa tsakanin alkawari da komin dabbobi!
Wanda maƙiya ke shinshinar ganuwarsa
me zai yi da alamar da tattaɓa kunnensa ba zai gani ba?
Mai yunwar yau ba a kai shi gonar baɗi.

Sai ya nuna mini Kufena da leɓe,
dutsen ya yi ja kamar an shafa masa manja.
Ya ce, kakana Ranau can yake hawa gabanin shuka,
da baƙin bunsuru da tulun giya,
ya zuba jini a tsaga, ya roƙi ruwa.
Ranar da ya ji labarin ragon da jininsa ya isa sau ɗaya,
bai ce ga baƙon abu ba.
Cewa ya yi, ashe ƙofar nan ce
nake ta lalube a bango.
Kai ka kira ta sata, shi ya kira ta amsa.
Ƙishirwa ai ɗaya ce, ɗana,
kowa da inda ya haƙa.

Na ce, kalmar fa?

Nan ya daɗe.
Jirgin ƙasa ya yi kuka can wajen Sabon Gari ya gama.
Ya ce, wannan ban sani ba.
Shekara talatin da biyu ina karanta ta a majami'a,
ban san baƙi ɗaya na Ibrananci ba.
Na taɓa tambayar wani babba,
ya tambaye ni lafiyar iyali.

Na zo da gatari neman kuka,
na tarar da tsoho ya buɗe mini hannu.
Ban san inda zan sara ba.

Inna Rifkatu ta leƙo, tuwo na hucewa.
Ya ce ta rufe, bai yi karatun dare ba.
Zaren buhu ya kwance, tabarau ya faɗi a cinya,
ya miƙo mini littafin da bangonsa ya sha ɗinki.
Kai ne mai ido, ya ce, buɗe wurin.

Na bi layin da yatsa har na iso kanta, na tsaya.
Ya ce, faɗe ta yadda ka gan ta, ina ji.
Na ja numfashi.
Sai aka ɗauke wuta.

Muka zauna a duhu, ni da shi da sauro,
babu mai neman ashana,
yatsana na kan kalmar har yanzu.