Jak da Katako

'Yar motar ba ƙofa gare ta, ba gilashi,
kujera biyu, haƙarƙari waje kamar akuyar rani.
Yaran Kwalkwalawa sun raɗa mata suna Kwaɗo,
don in ta hau kunya, tsalle take.
Da ita nake bin rugage da akwatin allurar shanu,
ni da Jelani, mai riƙe min ƙaho.

Ran Laraba ƙaya ta huda ta bayan Silame.
Na ciro jak ɗin tsohuwar motata na murɗa,
na murɗa har ya ƙure tsawonsa.
Jiki ya tashi, taya na nan ƙasa,
ƙafar sai miƙewa take tana bin yashi.
Jelani ya ce, "Jak ya gaza, a kira jaki."
Ban yi dariya ba.
Mun kwana a ruga, kindirmo da sauro.

Washegari na shiga birni, layin masu kayan gyara,
rana na dukan kwano har yana ƙara.
Okwudili na zaune bisa mataccen batir,
shekara talatin a garin, harshensa ya fi nawa nuna.
"Likita, mi kaka biɗa?"

Na nuna wani ja mai ƙirar kwalba,
an rubuta tan goma a wuyansa.
Ya ce, "Tirela gare ka?
Wanga ƙarhi gare shi, ba shi da tsawo.
Motarka ba nauyi ta hi ba, doguwar ƙahwa."

Ya jawo wani dogo daga bayan ƙofa,
baƙi, mai ramuka jere kamar tsani.
"Wanga shi ka kai ka. Amma kak ka saki hannunai
in kaya na bisa."
Ya buɗe baki ya nuna min giɓi.
Na fahimta.

Na ce ina son winci a goshinta.
Ya ce, "Ina icce cikin hwadama da za ka ɗaure?
Ko karan gero za ka ja?"
Na ce to fitilu, jere guda bisa rufi.
Jelani na gefe yana shafa wani ham mai kukan jirgi.
Okwudili ya tambayi ƙarfin batir, na faɗa,
ya mai da su cikin kwali bai ce komai ba.

Abin da ya tara min ba mai sheƙi ciki.
Igiyar ja, shimfiɗaɗɗiya, wadda ba ƙugiya a bakinta,
don ƙugiya in ta tsinke kai take nema.
Famfon ƙafa. Robar toshe huda, maiƙo-maiƙo.
Shebur gajere.
Sifana kuwa sai da ya fita da kansa
ya gwada ta kan noti huɗu kafin ya yarda.

Muka yi ta ciniki har kiran azahar.
Na biya, raina bai so ba.
Har na tada inji ya ce in dakata,
ya ɗauke kwanon shinkafarsa daga kan wani katako,
kauri yatsa uku, da tabon manja,
ya jefa min baya. "Gyara ta."
Kunya ce kawai ta hana in yar a hanya.

Watan Agusta, gefen Gulbin Rima,
taɓo ya kama ta har cibiya.
Na kafa dogon, na danna,
ya shige ƙasa kamar muciya a tuwo.
Na zare, na sake, ya sake nutsewa.
Wata saniya na can tana naƙuda, ana jirana.
Jelani bai ce uffan ba, ya miƙo katakon.

Danna ɗaya, biyu, bakwai,
laka ta saki taya da tsaki.
Muka cusa kara da ɓurɓushin tubali,
muka fita.
Maraƙin ya zo da ƙafa gaba, ya rayu.

Yanzu gindin jak ya bar zane a katakon,
Jelani na yanka albasa a ɗaya gefen.
Makon jiya na bi ta shagon don in yi godiya,
na tarar da shi kwano bisa gwiwa, yana ci a karkace.
Bai ɗago ba ya ce,
"Likita, in ka ƙare da teburina, ina so."