Ƙulli Dubu Biyu da Ɗari Huɗu

Shekara tara motarmu na kwana a waje,
dusar ƙanƙarar Manitoba na binne ta har madubi,
don Nestor ya ba wa jirgi gareji.
Zanen ya zo a nannaɗe cikin dogon kwali,
ya shimfiɗa shi a teburin cin abinci,
ya danne gefe da kwalbar zuma,
tun ranar a tsaye muke shan miya.

Haƙarƙarin fiffike talatin da shida,
katakon kowanne bai kai ɗan yatsana kauri ba.
Ɗaya yake haɗawa a mako, bayan ya sallami shanu.
Gam ba ya kamawa a cikin sanyi,
sai ya jera su a ƙarƙashin gadonmu.
Shekara biyu ina kwana a kan jirgin sama,
ban je ko'ina ba.

Na yi masifa, ba zan ɓoye ba.
Kuɗin sabon rufi ya zama farfela,
kuɗin ziyarar ƙanwata a Halifax ya zama tsohon inji
da ya kwance, ya wanke, ya ƙirga.
Noti ɗaya ya ɓace, kwana uku yana rarrafe,
ashe yana aljihun rigarsa.

Da aka zo ɗinki sai hannunsa ya ƙi,
rawa yake, cokali ma da ƙyar.
Bai roƙe ni ba.
Ya dai ajiye allurar kusa da kofin shayina,
doguwa, ta kai kamu ɗaya da rabi.
In soka ta sama, ya karɓa ta ƙasa, ya maido,
ƙyalle a tsakaninmu, ba na ganin fuskarsa,
sai inuwar yatsu a hasken fitila.
Abin da muka faɗa wa juna ta cikin fiffiken nan
ya fi na duk shekarun da muka yi renon yara.
Da dutsen gugana aka ɗame ƙyallen,
har in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga.

Ranar fitarwa fiffike ya ƙi ƙofa
da faɗin yatsa uku.
Mutumin da ke auna kaurin takarda
bai taɓa auna ƙofarsa ba!
Na yi dariya har na zauna a ƙasa.
Ya ɗauko zarto, gareji ya yi giɓi.

Sufeto Thiessen ya zo da tocila da ɗan madubi,
ya leƙa ciki kamar likitan haƙori,
ya ɗora taya uku a kan sikeli uku,
ya ce wutsiya ta yi nauyi, a matsar da batir gaba.
Ya shafa ɗinkin, ya ce aikin wane ne?
Nestor ya nuna ni da haɓa.

Shi ya sa hannu.
Likita ne ya ƙi sa nasa.

Don haka gobe da asuba, kafin iska ta farka,
Brigitte Lavallee mai feshin gonaki
ce za ta ɗaura ɗamara a kujerar gaba.
Yau ya tsiyayi fetur a ƙaramin kofi,
ya ɗaga wa rana, ko akwai ɗigon ruwa.
Ya bi wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya,
ya goge gilashin da ba ta cikinsa zai duba ba.

Ya ce sai an yi awa ashirin da biyar na gwaji
kafin a ɗauki mutum a kujerar baya.
Na ce ka kusa shiga ke nan.
Ya ce a'a, mai ɗinki ce ta fari.

Ban amsa ba.
Da ya yi barci na sa takalmi, na bi karan alkama,
na sami jirgin ɗaure da igiya uku, raɓa ta jiƙa shi.
Na haska fiffiken hagu, haƙarƙari na bakwai,
inda na san zaren ya taɓa kuɓuce mini.
Na danna da babban yatsa.
Yana nan daram.