Kunnen Hagu

Likita ya leƙa kunnena na hagu,
ya ce, "Malam, ka taɓa aiki a injin niƙa?"
Na ce masa ni tela ne.
Ya ce keken ɗinki ba ya irin wannan ɓarna.
Gaskiyarsa.

Ɓarnar tana da rana, tana da wuri:
gidan matasa na Tawa, daren Asabar,
ni da Bizo da Nomau ɗan Bilbis.
Kuɗin shiga dala ɗari, na mutum biyu munka haɗa,
na ukun ya bi ta katanga,
ya bar wa fasassun kwalabe rabin wandonsa.
Wandon da ni na ɗinka,
mai faɗin da zai ɗauki mutum da ƙanensa.

Na jingina kafaɗa da lasifika.
Kiɗan bai nemi izinin kunne ba,
ta haƙarƙari ya shigo,
ya sami zuciya tana tafiyarta, ya sauya mata taku.
Samari uku daga Yamai, sirara kamar kara,
Hausa, Zabarmanci, Faransanci a numfashi guda,
suna faɗin abin da iyayenmu ke faɗi ƙasa-ƙasa:
albashin da ya ɓata hanya,
lakwal a kulle, alli ya bushe,
takardar shaida tana cin ƙura ƙarƙashin katifa.

Sai wuta ta ɗauke.
Duhu, ba ka ganin tafin hannunka.
Ba wanda ya nufi ƙofa.
Bizo ya dunƙule hannu a baki ya zama ganga,
munka ɗauka da tafi, mu wajen ɗari biyar,
na tsakiyar ya ci gaba da maƙogwaro tsirara
har muryarsa ta tsage.
Na sha zuwa wasa bayan nan, har Yamai a bayan motar albasa,
ban sake jin kamar wannan ba.

Kafin su, kasakasan Amurka ne,
kwafin kwafin kwafi, suna shuu kamar ruwan sama a kwano.
Ko kalma ba mu ji,
mu muke ba su ma'ana a fada, tsakanin shayi na biyu da na uku.
Da bik muke juya zare don kada batir ya mutu,
in ya mutu mu shanya shi a rana, mu cije shi,
ya ba mu rabin waƙa.

Bizo ya tafi bida Abijan, shekara goma sha tara,
wayarsa ta daina shiga.
Nomau ladan ne yanzu a unguwarsu.
In ya ja kiran asuba
ni kaɗai na san inda ya koyi riƙe numfashi haka.

Zuwaira, 'yata, ta tono kwalin kasakasan jiya,
ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.
"Baba, ta ina ake sa mata caji?"
Na kai ta wasa watan jiya, a filin kokowa.
Kowa ya ɗaga waya sama, ba hannun tafi,
yaron yana motsa baki, na'ura tana yi masa aikin.
Na so in yi mita.
Sai na ga ƙafarta tana dukan ƙasa,
wuyanta yana wannan lanƙwasa da ba wanda ya koya mata,
na haɗiye maganata.

Likita ya rubuta mini maganin ɗigawa.
Yana nan kan taga, ban fasa hatiminsa ba.
Da dare, in gari ya kwanta, kunnen yana ta ƙara,
siririya, doguwa, kamar lasifika kafin a ce "ɗaya, biyu."
Da safe in taka keke,
allura ta ɗauki kiɗan,
mai riga yana jira, yana duba agogo,
yana mamakin me tela yake gyaɗa wa kai.